Gaiwa da Gawo: Mai Barcin Rani da Mai Barcin Damina



Darasin da aka ɗora wa ajinmu shi ne mu kawo wani abin mamaki daga cikin halittu. Galibi in an ce abin mamaki sai hankali ya tafi teku, ko sararin sama, ko wata ƙasa mai ƙanƙara. Mu kuwa mun zaɓi abu biyu da babu ɗan Damagaram ko ɗan Maraɗi da bai san su ba, ɗaya a tabki ɗaya a gona: gaiwa da gawo. Sunayen ma kamar na wa da ƙanwa. Abin da ya haɗa su rani ne. A ƙasarmu ruwan sama wata uku zuwa huɗu yake yi, sauran wata takwas ko tara kowace halitta sai ta san yadda za ta yi da ranta. Gaiwa tana kwana ranin nan gaba ɗaya a cikin ƙasa. Shi kuwa gawo da rani yake farkawa, damina ce lokacin barcinsa.

Kifin da ruwa ke iya kashewa

Mu fara da gaiwa, don ita ta fi ɗaure kai. Sauran kifaye, irin su karfasa da giwan ruwa, suna tace iskar da ta narke cikin ruwa ta wannan jan naman da ke ƙarƙashin murfin kunnensu. Gaiwa ma tana da shi, sai dai nata ya ƙanƙance, ba ya isar ta. Abin da ta dogara da shi huhu ne, huhu biyu dogaye da suka bi tsawon cikinta. Shi ya sa lokaci lokaci take tasowa saman ruwa, ta buɗe baki ta haɗiyi iska, ta koma. In ta maƙale cikin taru a ƙarƙashin ruwa ta kasa tasowa, to mutuwa za ta yi irin ta mutumin da ya nutse. Kifi fa, kuma ruwa ya ci shi! Da Larabci ana ce mata assamakatur ri'awiyya, daga kalmar ri'a, wato huhu. Sunanta da Faransanci da Ingilishi ma duk zancen numfashin nan nata ne.

Ana samun ta a fadamu da tabkuna daga Kogin Isa har Komadugu da Tabkin Cadi, da kuma kogunan Sanagal da Gambiya da Bolta. Takan kai mita 1 a tsawo. Inda sauran kifaye ke da fiffike, ita wasu siraran igiyoyi huɗu gare ta, biyu gaba biyu baya. A 2011 wasu masu bincike na jami'ar Cikago a Amurka sun ɗauki hotonta cikin akwatin gilashi, suka ga tana dogara na bayan a ƙasa tana tura jikinta, wani lokaci ɗaya bayan ɗaya kamar mai tafiya. Haƙoranta kuwa ba tsinke-tsinke ba ne, faffaɗa ne masu kaifin baki, da su take fasa ƙwanson katantanwa. Wanda ya taɓa kai yatsa kusa da bakinta ba sai an yi masa wannan bayani ba.

Da aka fara kai ta Turai daga kogin Gambiya, malaman can sun yi ta gardama: kifi ce, ko kuwa dangin kwaɗo ce? Wani masanin ƙasar Ingila mai suna Richard Owen ya bayyana ta a rubuce a 1839, ya laƙaba mata kalmar Latin annectens, ma'ana mai haɗa tsakani. Har yau da wannan suna take cikin littattafai.

To, yanzu ga ainihin darasin. In ruwan tabki ya fara janyewa bayan kaka, ya rage sai taɓo, gaiwa ba ta jira ya ƙafe ƙaf. Sai ta kafa kai cikin laka ta fara haƙa da baki: ta cika baki da laka, ta fitar da ita ta ramukan kunnenta, tana nutsawa ƙasa. Idan ta yi zurfin da ya ishe ta sai ta faɗaɗa gindin ramin, ta naɗe jikinta, kai yana kallon sama, wutsiya ta rufe fuska. Muddin da sauran ruwa a bakin ramin tana tasowa ta shaƙi iska ta koma. Ranar da ruwan ya ƙare, sai fatarta ta yi ta fitar da yauƙi mai yawa, yauƙin nan ya bushe a jikinta ya zama wata siririyar riga mai launin ƙasa wadda ta lulluɓe ta duka, ban da ƴar kafa guda daidai bakinta. Ta nan iska ke shiga, ta biyo ramin da ta haƙa. Shi ke nan, an rufe ɗaki.

Ba ci, ba sha, ba fitsari, ba motsi. Bugun zuciyarta ya ragu, numfashi ya yi nisa da juna, duk aikin jiki ya sauka ƙasa ƙwarai. Amma ko fitila an rage mata lagwani sai ta sha mai. Man da gaiwa ke sha naman jikinta ne. Tsofaffi da ke cewa gaiwa jikinta take ci ba su yi ƙarya ba, masu awo da sikeli sun zo sun tarar da maganar haka take: tana narkar da tsokarta kaɗan kaɗan, ta fito a rame.

A nan akwai wata matsala da sai an yi tunani ake ganin ta. Duk jikin da ya ƙona nama yana fitar da wata guba mai suna amoniya, ita ce ke sa warin nan mai shiga hanci a inda fitsari ya daɗe. Kifi a cikin ruwa ba ruwansa, yana fitar da ita ruwa na wanke ta. Wanda ke ƙulle cikin busasshiyar ƙasa fa, ina zai kai ta? Sai hantar gaiwa ta juya amoniyar nan ta mai da ita yuriya, wadda ba ta da dafi sosai, ta yi ta tara ta a jiki wata da watanni, har ta kai yawan da zai halaka dabbobi da dama. Ruwan farko na sauka ya jiƙa rigar, ta farka ta fito, sai ta zubar da abin da ta tara cikin ƴan kwanaki. Ku riƙe sunan nan yuriya, za mu sake gamuwa da shi a gona.

Ita rigar ma da an ɗauka busasshen yauƙi ne kawai. A 2021 wasu masana a jami'ar New Mexico ta Amurka suka duba ta da madubin ƙara girma, suka tarar ashe rayayya ce: fatar gaiwa ce ke saɓulewa hawa hawa, kuma cike take da irin ƙwayoyin jinin nan masu yaƙi da cuta, suna tare ƙwayoyin cutar da ke cikin ƙasa kafin su kai ga jikinta. Wato mai gida na barci, masu gadi na aiki.

A daji barcin nan tsawon rani ɗaya ne. A ɗakin bincike kuwa an ajiye ta cikin busasshiyar laka fiye da shekara 3, aka zuba ruwa ta tashi. Tun a ƙarni na 19 Turawa kan sare curin ƙasar da take ciki su sa a jirgin ruwa, a kai Turai, a jiƙa, kifi ya fito da ransa. Wannan ne ya sa labarin da ake bayarwa a wurare da yawa na Afirka, wai an yi gini da ƙasar kududdufi, damina ta zo, sai ga gaiwa ta faɗo daga jikin bango, ba mu ganin sa a matsayin tatsuniya zalla. In curin ƙasa aka yanko ba a kwaɓa ba, kuma iska na samun hanya, babu abin da zai hana. Amma ƙasar da aka kwaɓa da ƙafa aka tattake aka yi tubali, wannan kam rigar ta yage, ba ta kai labari.

Mu ɗaliban fiƙihu akwai tambayar da dole ta zo mana: halittar da ke yin wata takwas a tudu, wata huɗu a ruwa, ta ruwa ce ko ta tudu? Abin sha'awa, malaman Malikiyya sun riga mu tunanin irin wannan. A farkon Muhtasar, wajen bayanin abubuwa masu tsarki, Shaihu Halil ya taɓo dabbar ruwa mai daɗewa a tudu ya bar ta cikin hukuncin na ruwa, masu sharhi kuma suka ba da misali da kada da kwaɗo da kunkurun teku. Sauran bayani a tambayi malam a aji, mu nan kifi muka zo kallo.

Dangin gaiwa a duniya yau iri 6 ne kacal: 4 a Afirka, 1 a Kudancin Amurka, 1 a Ostareliya. Ta Ostareliyar huhu ɗaya gare ta, kuma ba ta iya barcin ƙasa, sai dai tsawon rai. Akwai wata da aka kai gidan kallon kifaye na birnin San Faransisko a 1938, da aka auna shekarunta a 2023 aka ce ta haura 90. Wani abin dariya kuma: rubutun gado da ke cikin ƙwayar halittar ɗan Adam, wanda ake kira DNA, harafi wajen biliyan 3 ne. Na gaiwarmu wajen biliyan 40. Na ƴar uwarta ta Kudancin Amurka biliyan 91, wato ninki 30 na namu. Yawan shafi dai ba shi ne yawan karatu ba.

Kafin mu bar tabki, magana ɗaya. Da rani mutane kan bi busasshiyar fadama da fartanya suna neman alamar bakin rami, su tono gaiwa cikin rigarta. Nama ne, kuma a lokacin da miya ke neman nama, ba mu ce haramun ba ne. Sai dai waɗannan da ke kwance su ne iyayen na baɗi. Da farkon damina suke yin gida cikin ciyawar ruwa, macen ta zuba ƙwai, namijin ya tsaya gadi yana kaɗa wutsiya don ruwan ya motsa, har ƴaƴan su yi wayo. Ƙaramin tabkin da ba ya haɗuwa da gulbi, in an tone shi kakaf, babu inda wasu za su fito.

Iccen da ya juya wa damina baya

Gawo ba ya ɓuya, kowa na ganin abin da yake yi, sabo ne ya sa ba mu mamaki. A watan Agusta, lokacin da duk daji ya yi kore shar, shi yana tsaye fari fat sai ƙaya, kamar wanda ya mutu. Ruwa na ɗaukewa wajen Oktoba sai ya fara toho, ya yi fure, ya cika da ganye, sa'annan cikin tsakiyar rani ya zubo da ƴaƴan nan nasa masu lanƙwasa, ja-ja, waɗanda awaki ke rububi a kansu. Fulani na ce masa caski. Larabawan Cadi da Sudan na ce masa haraz, har suna buga misali da gabarsa da ruwan sama in mutum biyu sun yi rabuwar da ba shiri.

Asirinsa a ƙasa yake. Ɗan gawo tun yana ƙarami, kafin ya yi wani tsawon kirki a sama, uwar saiwarsa ta riga ta yi nisa tana neman ruwan ƙarƙashin ƙasa, irin wanda muke ja da guga. A arewacin Sanagal an bi sawun saiwarsa har zurfin da ya wuce mita 30. Mai rijiya a ɗakinsa ina ruwansa da hadari? Kuma da yake yana fure lokacin da yawancin itatuwa suka bushe, ƙudan zuma nasa ne kusan shi kaɗai.

Wannan juyin lokaci shi ya mai da gawo abokin manomi. Kowane icce mai duhuwa, in ka shuka hatsi a gindinsa, inuwa za ta hana shi tashi. Gawo kuwa daidai lokacin shuka yake kaɗe ganyensa a ƙasa ya zama taki, ya bar rana ta wuce. Da rani bisashe sun wuni a inuwarsa suna cin ƴaƴa suna zuba kashi, wannan taki na biyu ke nan. Ƙwayar irin da ta bi ta cikin akuya ma ta fi saurin tsira, don ƙwansonta mai tauri ya yi laushi. Akwai kuma na uku da ido ba ya gani. Gawo dangin wake da gyaɗa ne. A jikin ƙananan saiwoyinsa akwai ƴan ƙulle-ƙulle da wasu ƙwayoyin bakteriya ke zaune ciki, aikinsu su kamo sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi abincin tsiro. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, amma hatsi ba ya iya ɗibar ko kaɗan da kansa. Farin takin nan da ake saye a buhu, wanda manoma ke ce wa ure, mai lamba 46 a jiki, ba komai ake saye a cikinsa ba sai naitirojin. Kuma shi ne yuriyar da muka baro a jikin gaiwa, sinadari ɗaya ne sak. Abin da kifi ke ɗauke da shi a matsayin kayan zubarwa, shi baba ke cire kuɗi ya saya, gawo kuma yana ba da irin amfaninsa kyauta.

Masu bincike sun auna abin. A Bambey ta Sanagal, a 1965, an tarar hatsin gindin gawo ya ninka na fili fiye da sau biyu. A Sadore kusa da Yamai kuma an lura da wani dalilin daban: ƴar inuwar rassansa marasa ganye tana rage zafin rairayi, saboda haka sabon tsiro ba ya ƙonewa a kwanakin farko. Manomin Magariya bai jira wannan awo ba, ya daɗe da sanin inda damminsa ke fitowa.

Sarakuna ma sun sani. Tarihin baka na Damagaram ya nuna cewa a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, an kafa doka mai tsanani a kan gawo, har ana cewa wanda ya sare shi da kansa zai biya. Sunan da masana ke kiran iccen da shi kuwa, Faidherbia, wani Bafaranshe ne ya raɗa a 1934 don tunawa da Faidherbe, gwamnan mulkin mallaka a Sanagal. Mu dai a ganinmu akwai waɗanda suka fi shi cancanta.

Bayan haka gawo ya sha wuya. An koya wa manoma cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas. Dokar gandun daji ta 1974 ta sa shi cikin itatuwan da aka hana taɓawa, amma da yake icce na gwamnati ne ba na mai gona ba, kuma ana cin tarar wanda ya sare ko da a gonarsa, sai mutane suka gwammace su kashe shi tun yana ƙarami su huta. Ga fari na 1973, ga na 1984 da manya ke kira El-Buhari. Gonaki suka zama fili fetal, iska na binne shuka, a yi ta maimaita iri.

Gyaran ya zo ta hanya mai sauƙi har abin ya ba da mamaki. A yankin Maraɗi, wajen 1983, wani ma'aikacin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda dashen itatuwansa ke ta mutuwa, ya lura cewa ƴan kurarrajin tsiron da ake sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ne. Kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan lafiya lau a ƙasa. Abin da ake bukata kawai a zaɓi reshe ɗaya zuwa ƴan kaɗan masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su daga awaki. Shi ne sassaben zamani. Ta bakin manomi zuwa manomi ya bazu, a wasu wuraren ma mutane da kansu suka koma ga dabarar kakanninsu ba tare da wani ya zo ba. Binciken da aka yi da hotunan sama ya kiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a Nijar, wajen icce miliyan 200, kuma a Magariya da Matamai da Mirya gawo ne ya fi yawa. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙin iccen da ya rena a gonarsa.

Abin da ke damun gawo yanzu sara ne na wuce kima. Yanke wa bisashe ƴan rassa da bazara ba ya kashe shi. Amma wanda aka aske shi ƙwal duk shekara ba ya samun yin fure, ba ƴaƴa, ba iri, ba inuwa, sai gungume a tsaye.

Aikin hutu

Ga abu uku ga ƴan ajin da ke bin mu, ba su bukatar kuɗi. Na farko, kowa ya zaɓi gawo ɗaya kusa da gida ko a hanyar gona, ya buɗe masa shafi a bayan littafi: ranar da ya fara toho, ranar fure, ranar da ƴaƴa suka fara zuba, ranar da ya kaɗe, da ranar ruwan farko. A rubuta da watan Musulunci da na boko duka, za ku ga da wanne yake tafiya. Na biyu, da damina a tumɓuke wake ko gyaɗa guda a hankali, a wanke saiwar, a nemi ƙulle-ƙullen nan a fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, bakteriyar na kan aiki. In fari ne ko kore, ba ta fara ba ko ta gama. Na uku na masu zuwa bakin tabki ne: a sami inuwa a zauna shiru, in an hangi gaiwa ta taso shan iska, a duba agogo a ƙirga minti nawa take yi kafin ta sake tasowa, sau ɗaya da sanyin safiya, sau ɗaya da azahar lokacin da ruwa ya ɗumama. Wanda ya cika shafinsa ya kawo wa masu haɗa littafin baɗi.